Yadda Ake Gane Tsoffin Sulallan Lituweniya na Ƙarni na 16

Mai son fara tara waɗannan sulalla na Lituweniya, wata ƙasa a Turai, ya fara da rabin girosh (girosh sunan kuɗinsu ne na lokacin), wanda 'yan ƙasar ke kira pusgrašis. Shi ne ya fi yawa, ya fi araha, kuma a birnin Vilnius aka buga akasarinsa.

Da farko ka duba hoton. Na Lituweniya yana ɗauke da mahayin doki ya ɗaga takobi, ana ce masa Vytis, ɗaya fuskar kuwa mikiya ce. In ka ga kambi a madadin mahayin, to na Folan ne. Sabon shiga a nan yake ruɗewa, don sarki ɗaya ne ya mulki ƙasashen biyu, sunansa kuma yana kan kuɗin kowacce.

Sai ka nemi shekara, ita za ta nuna maka sarkin. In babu shekara sam, ga kuma rubutun MON ALEXANDRI, na Aleksanda ne, wanda ya yi mulki daga 1492 zuwa 1506. In shekarar tana cikin rubutun da ya kewaye mahayin, bayan MONETA SIGISMVNDI, na Sigismund na Ɗaya ne, an buga tsakanin 1508 da 1529. A wasunsu, lambobi biyu na ƙarshen shekarar kawai za ka gani. In kuwa tana ƙarƙashin dokin, na ɗansa Sigismund Augustus ne, daga 1545 zuwa sama. Harafin V a madadin U yake, shi ya sa ake ganin LITVA ko LITVANIE.

Daga nan ka ɗora shi a sikelin da ke nuna 0.01 na giram. Nauyinsa kusan giram 1.2 zuwa 1.3 ne, faɗinsa wajen milimita 20, azurfarsa ba ta kai rabi ba, sauran jan ƙarfe ne. Wanda ya sha hannu zai ɗan yi ƙasa da haka. Karkacewar hoto ko harafi ya ninku ba aibu ba ne, bugun guduma ne. Abin tsoro shi ne ƙananan ramuka, haruffa kamar sun narke, da layi a gefe: wannan zubi ne, jabu ke nan. Gilashi mai ƙara girma sau 10 zai tona shi.

Kada ka goge shi da lemun tsami, toka ko man goge ƙarfe, darajarsa ce za ta tafi tare da duhun tsufan da ke jikinsa. Ruwa mai tsabta ya isa, ka busar da shi sosai. Ka riƙe shi ta gefe, ka guji ledar PVC don tana sa shi yin kore. A jikin ambulan ka rubuta sarki, shekara, nauyi da inda ka saya.