Yadda ake tara kayan gyaran kumbo a Elite Dangerous ba tare da wasa ya zama bauta ba

Duk wanda ya daɗe a Elite Dangerous, wasan kwamfuta na tuƙin kumbo a sararin samaniya, ya san ƙorafin da ake yi a kan injiniyoyin cikin wasan. Kamfanin Frontier Developments na birnin Kambirij a Ingila ya fitar da wasan a Disambar 2014, sannan a 2016 ya kawo injiniyoyin da ke ƙara wa kumbo ƙarfi, da sharaɗin ka kawo musu kayan aiki. Tun daga lokacin 'yan wasa suka rabu biyu. Wasu na cewa tara kayan nan wahala ce tsantsa, mutum ya dawo daga aiki a gajiye ya sake shiga wani aikin da ba albashi. Wasu kuma na cewa ai yawo ne, kuma yawon shi ne wasan.

Ni ina ganin wahalar gaskiya ce, amma yawancinta mutum ne ke jawo wa kansa. Wanda ya ce sai ya cika kowane irin kaya kafin ya gyara komai, shi ne ke gajiya ya ajiye wasan. Wanda ya zaɓi gyara ɗaya, ya rubuta abin da yake buƙata, ya san inda ake canji, a zama biyu ko uku zai gama. Misalin da zan bi da shi a nan shi ne ƙara nisan tsallen injin Frame Shift Drive, wanda ke kai kumbo daga tauraro zuwa tauraro, domin shi ne gyaran da kusan kowa ke farawa da shi, kuma shi ne ke sauƙaƙa duk tafiyar da za ta biyo baya.

Mataki na farko: san kayan da kake nema

Kayan gida uku ne. Akwai ɗanyen ma'adinai da ake samu a doron duniyoyi, irin su ƙarfe da Arsenic da Polonium. Akwai ƙerarrun kaya da ake tsinta daga tarkacen jirage. Akwai kuma bayanan sirri da ake kwasowa da na'urar bincike. Kowane kaya yana da daraja, daga 1 zuwa 5, sai dai ɗanyen ma'adinai a 4 suke tsayawa. Ma'ajiyarka tana da iyaka ga kowane iri: 300 ga mai daraja 1, sai 250, 200, 150, har zuwa 100 ga mai daraja 5.

Abu biyu za su kwantar maka da hankali. Kayan nan ba su da nauyi, ba sa cin wuri a ɗakin kaya. Kuma ko an tarwatsa maka kumbo, suna nan tare da kai. Abin da ka tsinta ya zama naka ke nan.

Mataki na biyu: rubuta jerin abin da gyaran ke ci

Nan ne mafi yawan sababbin 'yan wasa ke yin sakaci. Kafin ka tashi daga tasha, buɗe shafin intanet na Inara ko EDSY ko Coriolis, ka duba abin da gyaranka ke buƙata. Shi ma gyaran yana da daraja 1 zuwa 5. Ga na ƙarin nisan tsalle: daraja ta 1 tana cin Atypical Disrupted Wake Echoes, ta 2 tana ƙara Chemical Processors a kai, ta 3 tana son Phosphorus da Chemical Processors da Strange Wake Solutions, ta 4 Manganese da Chemical Distillery da Eccentric Hyperspace Trajectories, ta 5 kuma Arsenic da Chemical Manipulators da Datamined Wake Exceptions.

Da farko gyaran caca ne. Kana iya zuba kaya masu tsada ka samu sakamakon da bai kai na jiya ba, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa har yau suke magana a kan injiniyoyi da ɗaci a baki. A 2018 aka gyara tsarin ta yadda kowane karo gaba yake kai ka, ba baya ba. A Agustan 2024 kuma aka cire sauran cacar: idan ka kai ƙololuwar amana a wurin injiniya, wato matakin yardar da ya yi da kai, daraja ta 1 karo ɗaya take ci, ta 2 karo biyu, har zuwa ta 5 mai karo biyar. Ma'ana yanzu kana iya ƙirga abin da kake buƙata tun daga gida. Daraja ta 5 ta injin tsalle Arsenic 5 ce, Chemical Manipulators 5, Datamined Wake Exceptions 5. Idan karon farko ne za ka je wurin injiniyar, ƙara kaɗan a kan lissafin, saboda amanarka ba ta cika ba tukuna.

Mataki na uku: fahimci 'yan canji kafin ka tsinci ko tsinke

Wannan shi ne zuciyar lamarin, don haka zan ɗan tsaya a kansa. A wasu tashoshi akwai masu canjin kaya, kowanne da gidan da yake canzawa. Na ɗanyen ma'adinai ana samunsu a tashoshin haƙa da tacewa, na ƙerarrun kaya galibi a tashoshin masana'antu, na bayanai kuma a tashoshin fasaha ko na soja. Inara za ta nuna maka mafi kusa da kai.

Harkarsu kamar ta 'yan canji a Wapa ce: babbar takarda tana fashewa ta ba ka ƙanana da yawa, amma haɗa ƙanana su zama babba akwai asara. A kowane gida kayan jere suke layi-layi, kowane layi dangin kaya ɗaya ne daga ƙarami zuwa babba. Idan za ka sauka daraja a layi ɗaya, guda 1 yana ba ka 3. Saboda haka kaya mai daraja 5 guda ɗaya tak yana zama 3 na daraja 4, ko 9 na daraja 3, ko 27 na daraja 2, ko 81 na daraja 1. Idan kuwa hawa za ka yi, sai ka ba da 6 ka karɓi 1. Hawa biyu 36 ke nan, hawa uku 216. Tsallakawa daga wani layi zuwa wani a daraja ɗaya ma 6 ne a kan 1. Kuma ba a canja gida: ma'adinai ba ya zama bayanai.

Duba lissafin nan da kyau za ka ga inda wahalar take fitowa. Mutumin da ya kwana yana harbin duwatsu yana tsintar ƙarfe da Carbon, yana fatan ya haɗa su su zama babban kaya, shi ne ke bauta. Ka nemi mafi daraja kawai, ka fasa shi ƙasa.

Ga yadda abin ke aiki a gyaranmu. Duk kayan da sunansu ya fara da Chemical layinsu ɗaya, kuma a samansu akwai Pharmaceutical Isolators. Guda biyu nasa sun ba ka Manipulators 6, wasu biyun sun ishe ka Distillery, ɗaya kuma ya wadatar da Processors. Arsenic yana layin Polonium, Polonium ɗaya Arsenic 9. Manganese yana ƙarƙashin Ruthenium, Phosphorus ƙarƙashin Technetium. Dukan bayanan tsalle kuma suna ƙarƙashin Datamined Wake Exceptions.

Mataki na huɗu: ƙerarrun kaya

Sa wa kumbonka na'urar Collector Limpet Controller da ɗan ɗakin kaya, ka sayi limpet kafin ka bar tasha. Su ne ƙananan na'urorin da ke tashi su kwaso maka kaya. Kwasa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana cikin abubuwan da ke sa mutum ya tsani wasan nan, ba gaira ba dalili.

Abin da kake nema shi ne siginar da ake kira High Grade Emissions. Kana shiga yankin tauraro mai jama'a, sai ka binciki Nav Beacon, na'urar jagora da ke kusa da tauraron, ko ka buɗe FSS, na'urar binciken yankin tauraro, duk siginonin yankin su bayyana tare da lokacin da ya rage musu. Abin da za ka samu a ciki ya danganta da halin da masu mulkin wurin suke ciki. Inda annoba ta ɓarke, Pharmaceutical Isolators. Inda ake yaƙi, Military Grade Alloys da Military Supercapacitors. Inda kasuwa ke bunƙasa, kayan da sunansu ya fara da Proto. Cikin manyan gwamnatocin wasan, yankin Daula yana ba da Imperial Shielding, na Tarayya kuma Core Dynamics Composites. Tun gyaran 2024 sigina ɗaya tana zubo kaya da yawa ƙwarai, har takan kusa cika maka ma'ajiyar irin wannan kayan a tsayuwa ɗaya. Don gyaranmu, nemi wurin annoba mai yawan jama'a.

Za ka ji ana ambaton Dav's Hope, tsohon sansanin haƙar ma'adinai da aka yi watsi da shi a Hyades Sector DR-V c2-23, duniya ta A 5. Shekaru da yawa nan ne makarantar sababbi: ka zagaya da SRV, motar da kumbo ke saukewa a doron duniya, ka tsinci kaya, ka fita daga wasan ka dawo, kayan su sake bayyana. Ka je sau ɗaya don ka saurari saƙonnin da ma'aikatan wurin suka bari, labarin yana da taɓa zuciya. Amma a matsayin wurin tara kaya, zamaninsa ya wuce.

Mataki na biyar: bayanai

Hanyar da kowa ya sani ita ce tarkacen kumbo samfurin Cobra na Kwamanda Jameson a HIP 12099, duniya ta 1 B. Akwai na'urori huɗu a kewayen tarkacen, kana bincikarsu daga cikin motar SRV suna ba ka bayanai masu daraja, har da Adaptive Encryptors Capture mai daraja 5. Ka tsayar da motar inda za ka iya hango su duka, ka bincika, ka fita zuwa shafin farko na wasan, ka dawo, ka sake. Sai ka kai wa mai canji: 30 za su ba ka Datamined Wake Exceptions 5.

Gaskiya ita ce wannan fita da dawowa shi ne ainihin abin da mutane ke nufi idan suka ce wasan ya zama bauta. Ba tuƙi kake yi ba, ba yaƙi ba, shafin jira kawai kake kallo. Yana da sauri, shi ya sa ban ce kada ka yi ba. Amma ka sa wa kanka iyaka: abin da ke cikin jerinka, da ɗan ƙari, sai ka tashi.

Hanya mai daɗi ita ce ka sa Frame Shift Wake Scanner a kumbonka ya zauna. Duk lokacin da ka fito daga tasha mai cunkoso, binciki sawun jiragen da suka yi tsalle. Minti ɗaya nan, minti biyu can, ba ka ankara ba ƙananan bayanan tsalle sun taru. Haka kuma ka saba da nuna kowane jirgi da ya gifta gabanka har binciken ya kammala, shi ma yana ba da bayanai kyauta.

Mataki na shida: ɗanyen ma'adinai

Don gyara ɗaya ba ka buƙatar doguwar tafiya. Binciki duniyar da ake iya sauka a kanta da Detailed Surface Scanner, taswira za ta nuna maka ma'adinan da ke cikinta, ka sauka wurin da ke da aman wuta ko tururin ƙasa, ka harbe curarrun da ke maƙale a jikinsu ka tsinta. Kowace tsintuwa guda 3 take ba ka.

Idan kuwa kana da niyyar gyara jirage da yawa, akwai wuraren Crystalline Shards, wasu tsirrai masu kama da lu'ulu'u da ake harbo ma'adinai daga jikinsu, a HIP 36601 da Outotz LS-K d8-3, fiye da shekarun haske 1,000 daga yankin da mutane ke zaune. A HIP 36601 akwai Polonium da Ruthenium da Tellurium da Technetium, a Outotz kuma Yttrium da Antimony. Selenium ba ya cikinsu, ka neme shi a wurin bishiyoyin Brain Trees ko ta canji. Shawarata ka bar wannan tafiyar sai bayan ka gyara injin tsalle, kuma ka sa Fuel Scoop mai kyau, wato na'urar ɗibar mai daga taurari. Ka riƙa binciken taurarin da ka ratsa a hanya, bayanan za ka sayar idan ka dawo, kuɗin tafiya ya fita.

Mataki na bakwai: zuwa wurin injiniya

Injiniyar da za ka je wurinta ita ce Felicity Farseer, tana sansanin Farseer Inc a yankin tauraron Deciat. Tana gayyatar wanda ya kai matsayin Scout a bincike, kuma tana son Meta-Alloy guda 1 kafin ta buɗe maka ƙofa. Sau da yawa manyan jiragen dakon 'yan wasa suna sayar da shi, duba farashi a Inara kafin ka saya. Deciat ta yi suna da 'yan wasan da ke tare sababbi su harbe don nishaɗi, kuma shi Meta-Alloy kaya ne na ɗakin kaya, yana salwanta idan kumbo ya tarwatse. Shiga da yanayin Solo, inda ba ka haɗuwa da sauran 'yan wasa, ko rukunin abokai, ba abin kunya ba ne. Ka riƙe bayanan bincikenka ka sayar a tasharta, hakan yana ɗaga amanarka da sauri. Elvira Martuuk da ke Khun ita ma tana kai injin tsalle daraja ta 5, idan ta fi maka kusa.

Kafin ka tashi, yi abu biyu. Sa ƙarin gyara na musamman, wanda ga manyan injina yawanci Mass Manager ake zaɓa, domin wannan sai a gaban injiniya ake yinsa. Sannan ka maƙala tsarin gyaran, wato ka yi masa pin. Kowane injiniya tsari ɗaya yake bari ka maƙala, kuma da shi za ka iya gyara injin wani kumbon a kowace tasha mai wurin gyara, ba sai ka dawo Deciat ba.

Daga nan sai ka canja ɗabi'a wajen karɓar ladan ayyuka. Idan ka gama aiki aka ba ka zaɓi tsakanin kuɗi da kaya, kuma aljihunka ba ya kuka, ɗauki kayan. Biotech Conductors da Exquisite Focus Crystals ta ladan aiki aka fi samunsu, shi ya sa masu jigilar fasinja daga Robigo zuwa Sothis ba sa rasa su. Kuma ba dole ba ne komai ya kai daraja ta 5. Na'urar raba wuta ko injin gudu da aka tsayar a daraja ta 3 sun riga sun canja yadda kumbo ke tafiya, da kaya ƙalilan da wataƙila suna cikin ma'ajiyarka yanzu haka.