Kurakuran da aka fi yi idan minista ko kwamishina ya sa hannu a sayen na'urorin lafiya

Duk wanda ya taɓa bin layin yankar kati a asibitin gwamnati a Kano ya san abin da ya sa ake ɗokin mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta. Fayil ya ɓace, a sake gwajin jini, a sake biyan kuɗi. To amma tun a ofis ake ɓata lamarin, ranar da aka zauna yanke abin da za a saya da wanda za a ba kwangila.

Babban kuskure shi ne mai girma minista ko kwamishina ya zaɓi kamfani da kansa. An nuna masa wata manhaja a wurin taro, ta burge shi, ya dawo ya ce "a ba su". Daga nan sai tallar kwangila ta zama cika ƙa'ida kawai, a rubuta sharuɗɗan daidai wuyan kamfanin. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta ɗora alhakin kuɗin ma'aikata a kan babban sakatare, kwamitin bayar da kwangila ke tantance masu nema, hukumar BPP mai sa ido kan sayen kayan gwamnati kuma ke amincewa da manyan kwangiloli. Jihar Kano ma tana da tata dokar. Gyaran shi ne ɗan siyasa ya faɗi abin da yake so a cim ma, misali mai juna biyu ta daina kwana a layi a Asibitin Murtala, ya nemo kuɗin, ya bar masana su auna kamfanoni. In ya ba da umarni, ya bayar a rubuce. In ɗan kwangila ya zo gaisuwa, a shigar da ziyarar a littafi. Ni a ganina wannan kaɗai zai rage rabin ɓarnar, domin umarnin baki ne ke jefa ƙananan ma'aikata a hannun EFCC, mai umarnin kuwa ya yi gaba abinsa.

Akwai kuma kishiyarsa: minista ko kwamishina ya naɗe hannu ya ce "ni ba masani ba ne". Ingila ta ga illar barin aiki ya karkace da idonta. A 2002 ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya na ƙasa baki ɗaya, aka tsara shi daga sama cikin gaggawa, a 2011 aka sanar da rushe shi, an kuma ƙiyasta kuɗinsa da kusan fam biliyan 10. Gyaran shi ne minista ya riƙa karɓar rahoto duk wata, ya kuma yi ƙarfin halin tsayar da aikin da ya karkace, ko da shi ya yanka zaren buɗe shi.

Sai sayen kaya ba tare da an tambayi masu amfani da su ba. Nas, ungozoma, mai ba da magani da mai ajiyar fayil su ne za su yini a gaban allon. A gwada a asibiti ɗaya, a ce Hasiya Bayero ko wani ƙaramin asibiti a Gwale, na 'yan watanni, kafin a bazama ƙananan hukumomi 44.

Wutar lantarki fa? Na ga ɗakin da aka jera sababbin kwamfutoci an lulluɓe su da zane saboda ƙurar hunturu, babu sola, babu kuɗin data, ma'aikata sun koma ga biro da rajista. Kasafin ya ƙunshi wuta, intanet, horo da gyara na shekaru, kada a biya kamfani ragowar kuɗinsa sai an ga kaya na aiki.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayanan na wane ne. A rubuta ƙarara a yarjejeniya cewa na gwamnati ne, za a iya kwashe su duk ranar da aka raba gari, manhajar kuma dole ta iya aika alƙaluma cikin DHIS2, wanda Najeriya ke tara bayanan lafiya da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, saboda haka a tambayi inda za a ajiye su da wanda zai iya buɗewa.

Fakewa da "gaggawa" don a tsallake talla kuwa, doka ta yarda da shi lokacin annoba irin ta korona a 2020. Gabatowar zaɓe ko cikar kwana 100 a ofis ba sa cikin wannan.