Yadda zaka cire antibairos na bogi daga kwamfutarka ba sai kayi fomatin ba

Kana cikin aikinka kawai sai ga wani saƙo ya faɗo ta gefen dama a ƙasan sikirin, ja zur dashi, wai an gano bairos guda biyar a kwamfutarka, ko wai McAfee ɗinka ya ƙare maza ka sabunta kafin fayilolinka su tafi, alhali kai tunda ka sayi laptop ɗin nan baka taɓa saka McAfee ba. Ka rufe, bayan minti biyu wani ya sake fitowa, wani lokacin harda ƙara da muryar mace tana turanci tana cewa kar ka kashe kwamfutar ka kira wannan lamba. Toh wannan abin ba antibairos bane, shi ne ciwon da kansa, kuma jarinsa ɗaya ne, ya tsorata ka har ka danna ko ka biya.

Ba sabon abu bane. Ko a 2008 ana fama da irinsu WinFixer da Antivirus XP 2008, har hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka ta maka kamfanin Innovative Marketing a kotu a ƙarshen shekarar saboda sun damfari mutane sama da miliyan ɗaya da sikan na ƙarya, a 2012 kotu ta yankewa ɗaya daga cikin masu harkar, Kristy Ross, biyan dala miliyan 163. Masu Mac ma da suke cika baki wai su bairos baya kama su, a 2011 Mac Defender ya gwada musu. Abinda ya canza yanzu shine da yawa daga cikin na zamanin nan basa ma shiga cikin kwamfutar, a burauza suke zama, shi yasa kafin ka ɗauki laptop ka nufi wajen mai gyara yace maka sai fomatin, ka fara gano wanne iri ne ya kama ka.

Kafin komai dai, kar ka danna komai a jikin saƙon. Ba Scan now ba, ba Remove ba, harda ɗan X ɗin dake jikinsa wani lokacin zane ne kawai, kana dannawa ya buɗe maka wani shafin. Idan shafin ya cika sikirin ya hana ka fita, danna Esc ka riƙe na ɗan lokaci ko F11, in yaƙi sai Alt da F4. In duk yaƙi, Ctrl da Shift da Esc tare zasu buɗe Task Manager, ka nemo Chrome ko Edge ka danna End task. Idan ka sake buɗe burauzar zata tambaye ka ko ta dawo maka da shafukan da suka rufe, kace a'a, in ba haka ba ta sake kawo maka shi ɗin dai. Kuma lambar wayar nan kar ka kira, Microsoft da kansu sun sha faɗa cewa saƙonsu na gargaɗi baya zuwa da lambar waya.

Yanzu ka tsaya ka kalli saƙon da kyau in ya sake fitowa. A jikinsa, sama ko ƙasa, da ƙananan rubutu zaka ga an rubuta Google Chrome ko Microsoft Edge tare da adireshin wani shafi mai suna wani iri, haruffa barkatai da baka taɓa sani ba. Idan ka ga haka to ka gode Allah, naka mai sauƙi ne, notifikeshan ne kawai. Abinda ya faru shine wata rana ka shiga shafin sauke fim ko kallon ƙwallo kyauta ko neman wani littafi na PDF, suka ce danna Allow don ka tabbatar kai ba robot bane, ka danna, shikenan ka basu izinin turo maka saƙo duk sanda suka ga dama.

Mataki na ɗaya: ƙwace izinin da ka basu

A Chrome, a wajen rubuta adireshi ka rubuta chrome://settings/content/notifications ka danna Enter. A Edge kuma edge://settings/content/notifications. Ka gangara ƙasa wajen jerin shafukan da aka yarje wa turo saƙo, duk wanda baka gane shi ba ka danna ɗigo ukun dake gefensa ka zaɓi Block. Ni na fi son Block akan Remove, domin Remove yana bashi damar sake tambayarka gobe, kuma in yaro ne ko ƙaninka a gaban kwamfutar zai sake danna Allow ba tare da ya karanta ba. In kwamfutar ta gida ce kowa na taɓawa, gara ma ka kashe tambayar gaba ɗaya ta hanyar zaɓar Don't allow sites to send notifications. A Firefox abin yana cikin Settings, Privacy & Security, ƙarƙashin Permissions.

Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa, wallahi ko minti biyar bata kai ba.

Mataki na biyu: share burauzar

Tunda kana ciki, rubuta chrome://extensions ka duba ekstenshan, wato ƙananan manhajojin da ake liƙawa burauza. Duk wani abu da baka tuna ka saka da hannunka ba, musamman masu suna irinsu search, coupon, PDF converter, web protector da makamantansu, cire shi. Sannan kaje chrome://settings/reset ka danna Restore settings to their original defaults. Wannan baya goge bukmak ɗinka ko fasawod da ka ajiye, zai mayar da irinsu shafin farko da injin bincike yadda suke, ya kashe su ekstenshan, ya kuma share kukis, don haka wasu shafukan sai ka sake saka fasawod.

Akwai wata dabara da suke yi wadda mutane basu cika lura da ita ba. Ka danna dama akan alamar Chrome dake desktop, ka shiga Properties, ka duba layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe da alamar rufe zance. Idan ka ga an liƙa wani adireshi a bayansa, goge adireshin, shi ne yasa duk sanda ka buɗe burauza take kai ka shafin talla ko ka canza saitin sau nawa. Haka kuma in Chrome yana rubuta maka Managed by your organization alhali kwamfutar taka ce ba ta ofis ko makaranta ba, to akwai yiwuwar wani abu ya dasa dokokinsa a ciki, wannan alama ce ka cigaba zuwa matakai na gaba.

Mataki na uku: idan abin ya riga ya shiga cikin kwamfutar

Nan ne aikin yake. Zaka gane shi da cewa yana da tasa windo, yana tashi da kansa da zarar ka kunna kwamfuta ko babu intanet, yayi ta sikan na ƙarya da koren layi yana gudu, ya lissafo maka matsaloli ɗari da wani abu yace sai ka biya zai gyara. Wani har Task Manager yake hanawa buɗewa, fanka tayi ta ihu kwamfutar tayi nauyi. Yawanci tare yake shigowa da wani abu da ka sauke, kirak (manhajar kuɗi da aka fasa ta zama kyauta) na IDM mai sauke fayiloli, aktibeta na Windows ko Office, gem na kyauta, ko irin instola ɗin nan da muke danna Next Next Next bamu karanta komai ba.

Da farko ka tanadi kayan aiki. Ka sauke AdwCleaner da Malwarebytes daga shafin malwarebytes.com kai tsaye, ka rubuta adireshin da hannunka, kar ka danna sakamakon farko na Google mai alamar Sponsored domin masu bogin ma suna sayen talla. AdwCleaner ɗan ƙarami ne bai cin data kuma ba sai anyi instolin ɗinsa ba, Malwarebytes ne yake ɗan jan data, in kana lallaɓa megabayit ɗinka ka fara da na farkon. Idan abin ya toshe maka shafukan antibairos, sauke su a waya ko wata kwamfutar ka turo ta kebul. Bayan ka gama sai ka kashe WiFi ko hotspot, kar ya cigaba da jawo ƴan uwansa.

Sai ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta appwiz.cpl, Enter. Jerin duk manhajojin dake kwamfutar zai fito, ka danna kan Installed On don ya jera su bisa kwanan wata. Ka tuno ranar da abin ya fara, ka duba me da me suka shigo a ranar ko kwana ɗaya kafin nan. Galibi ba ɗaya bane, zaka gansu uku huɗu a rana guda, wani PC cleaner, wani driver updater, wani kuma suna mai kama da na antibairos. Cire su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka karanta abinda yake tambayarka lokacin cirewa domin suna juya tambayar, sai kaga maɓallin da yafi girma shi ne na cigaba da ajiye shi. Wanda baka sani ba ka bincika sunansa a waya tukunna, kar kaje ka cire diraiban sauti ko Microsoft Visual C++ da wasu manhajoji suke dogara dashi.

In yaƙi cirewa ko yana rufe maka duk abinda ka buɗe, sai Safe Mode. A Windows 10 da 11, ka riƙe Shift ka danna Restart, shuɗin sikirin zai fito, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4, ko 5 in kana son intanet a ciki. A Windows 7 kuma F8 zaka ta dannawa yayin da take tashi. Amma dan Allah kafin wannan, in laptop ɗin tana da BitLocker a kunne, wato tsarin Windows mai kulle bayanan kwamfuta, ka tabbatar kana da makullinta mai lamba 48, galibi yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka saita kwamfutar dashi, domin tana iya tambayarka, kuma masu laptop ɗin tokumbo da yawa basu ma san da zamansa ba. A Safe Mode Windows na tashi da abubuwan dole ne kawai, shi ɗan bogin baya samun tashi, sai dai wasu manhajojin basa cirewa ta hanyar da aka saba a can, in haka ta faru kar ka damu, sikana zata kwashe shi. Akwai kuma wani ɗan abu da ake kira RKill na shafin BleepingComputer, aikinsa ya kashe mugayen abubuwan dake gudana don sikana ta samu hanya, baya goge komai, don haka kar kayi ristat bayansa sai ka gama sikan.

Mataki na huɗu: sikan, kuma ba sau ɗaya ba

Buɗe AdwCleaner, Scan Now, abinda ya samo ka tura Quarantine. Zai iya nuno maka wasu manhajojin da suka zo da laptop ɗin daga kamfani irin na HP ko Dell a wani jeri daban, waɗannan zaɓinka ne, ba dole bane. Bayan ristat sai Malwarebytes, ka ɗan kunna data ya sabunta kansa, ya duba, ka killace duk abinda ya kamo. Na kyautan ya isa wannan aikin, ba sai ka sayi komai ba.

Na ƙarshe shine wanda yake cikin Windows ɗin tun asali. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar zata mutu ta tashi tayi bincike kafin Windows ya gama lodi, kamar minti 15 yake ɗauka, don haka ka tabbatar akwai caji ko wuta, kar NEPA su ɗauke a tsakiya batirin kuma dama gashi nan dai.

Antibairos ɗin Smadav da kowa yake sakawa a nan yana da amfaninsa wajen filash da bairos ɗin shotkot, amma ba wannan aikin aka yi shi domin shi ba, kar ka ga yace komai lafiya ka ɗauka an gama.

Mataki na biyar: wuraren da yake ɓuya ya dawo

A Task Manager ka shiga Startup ka kashe duk abinda baka yarda dashi ba. Sannan Windows da R, taskschd.msc, ka duba Task Scheduler Library, nan ne suka fi son ɓuya, zaka ga wani aiki da aka saita ya riƙa tashi duk awa ɗaya ko duk sanda aka kunna kwamfuta, in ka duba Actions ɗinsa kaga yana nuni zuwa wani fayil a cikin AppData ko Temp ko yana buɗe wani adireshi, goge shi. Na Google da Microsoft da Adobe masu sabunta kansu ka ƙyale su. Ka rubuta %temp% a akwatin da Windows da R ke buɗewa ka share abinda ke ciki, wanda yaƙi gogewa ka tsallake.

Ka leƙa Settings, Network & Internet, Proxy, in Use a proxy server a kunne yake kuma ba kai ka kunna ba, kashe shi. Sai ka koma Windows Security ka tabbatar Real-time protection na aiki, ka gangara zuwa Exclusions. Wannan wajen yana da muhimmanci ƙwarai, domin masu kirak da aktibeta sukan saka folda a nan don kar Defender ya duba ta, wani lokacin ma mai gyaran da ya saka maka Office ne ya saka da hannunsa, na taɓa ganin wadda aka ware C: ɗin gaba ɗaya, kaga kenan antibairos ɗin yana nan amma kamar maigadin da aka ce masa kar ya kalli ƙofa. Cire duk abinda ke jerin.

Idan ka riga ka biya ko ka kira su

Toh wannan yafi gaggawa akan duk abinda na lissafa a sama. In ka saka lambobin katin ATM ɗinka, yanzu yanzu ka toshe katin ta manhajar bankinka ko ka kira su, ba sai gobe ba, ka nemi sabo. In sun sa ka saka AnyDesk ko TeamViewer suka shiga kwamfutar daga can, cire shi, sannan daga wayarka, ba daga wannan kwamfutar ba, ka canza fasawod ɗin imel da farko tunda dashi ake dawo da sauran, sai Facebook da na banki, ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Duk wanda ya kira ka bayan nan wai zai mayar maka da kuɗinka ka bashi OTP, su ɗin ne dai suka dawo zagaye na biyu. Kuma kwamfutar da baƙo ya shiga ya yi yawo a cikinta, gaskiya ni shawarata ka kwashe hotuna da takardunka a hard disk na waje kayi Reset this PC ko sabon Windows, a nan kam fomatin ya halatta. Takardu da hotuna kawai zaka kwasa, folda ta setup da kirak ka barta ta tafi.

Masu Windows 7 kuma ku sani tun Janairun 2020 Microsoft suka daina bashi sabuntawar tsaro, Windows 10 ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, in mashin ɗin zai iya ɗaukar 11 gara a matsa.

In bayan duk wannan ka ga tallan ya dawo bayan kwana biyu, kafin ka zargi sikana ka duba sink ɗin Chrome. Idan ka shiga da Gmail ɗinka a kwamfuta fiye da ɗaya, ekstenshan ɗin da ka cire anan zai iya dawowa daga can, don haka ka bi ɗaya kwamfutar ma ka cire shi, ka duba notifikeshan na Chrome ɗin wayarka shima, sannan duk filash ɗin da ya shiga kwamfutar a kwanakin nan ka danna masa dama kayi Scan with Microsoft Defender kafin ka buɗe shi.