Babi na 6: Horon Matashin Kare, da Sanda ko da Lada

Sannunku da zuwa, iyaye da ƴan'uwa. A karanta wannan babi a hankali, a ɗora yatsa ƙarƙashin kowace kalma. Wanda wata kalma ta tsayar da shi kada ya ji kunya, ya sake ta har ta fito. Inda na rubuta "ka", Inna, har da ke nake.

Da yawa cikinku nan Tawa kuna da kare, na gadin gida, na garka, ko na bin garke. Masu zuwa daga wajen Abalak sun san siririn karen nan na Azawak mai dogayen ƙafafu. Kuma kuka ɗaya kuke kawo mini: "Malam, da yana kwikwiyo yana jin kira, yanzu ya girma ya raina ni."

Darasi na 1: Ba raini ba ne

Daga wajen wata 6 kare yana shiga balaga, kuma abin yakan kai shekara ɗaya da rabi, wani har 2. A wani bincike da aka buga a 2020, masu bincike a Ingila sun gwada karnuka suna wata 5, suka sake gwada su suna wata 8. A wata 8 sun fi ƙin zama idan mai kula da su ne ya ce su zauna, amma idan baƙo ne sai su zauna. Duk wanda ya reni saurayi ya san wannan hali. Yana wucewa.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ita ce ta fin ƙarfi: a doke shi, a danne shi ƙasa, a shaƙe shi da igiya, don ya san wane ne babba. Har a Turai an daɗe ana koyar da ita. Tushenta wani rubutu ne na wani masanin dabbobi, Rudolf Schenkel, a 1947, kan kyarketai da aka tsinto daga wurare dabam aka kulle tare a gidan namun daji na Bazel, a ƙasar Suwizalan, suka yi ta faɗa, sai aka ɗauka haka halin kare ma yake. A 1999 David Mech, wanda ya daɗe yana bin su a daji, ya nuna cewa garkensu iyali ne kawai, uba da uwa da ƴaƴa.

Ni abin da na gani da idona ya ishe ni. Karen da ya saba da sanda yana jin tsoronka, amma bai koyi abin da kake so ba. Idan ana dukansa saboda ya yi gurnani, zai bar gurnanin, ranar da ya ƙosa sai ya ciji yaro ba gargaɗi. Kuma kun san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mu ta biyu za mu bi, hanyar lada: ya yi daidai, ya samu abu mai daɗi, gobe ya sake.

Darasi na 2: Shiri

Lada a nan abinci ne ɗan kaɗan. Dafaffen nama, ko hanta, ko cuku, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. A yanka ƙanana, kowane kamar ƙwayar wake. Ƙwayar wake na ce. Idan ka ba shi babban yanki, sau uku ya ƙoshi ya bar ka tsaye.

Kada a ba shi albasa, ɗanya ko dafaffa. Na san ƙasarmu ƙasar albasar Galmi ce, tana cikin kowace tukunya, amma tana ɓata jinin kare. Kilishi ma a bar shi saboda yaji. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi.

A yi aikin da sanyin safiya ko bayan la'asar, kafin ya ci abincinsa, a wuri marar hayaniya, ba kaji ba awaki. Minti 5 ya isa. Zuba ladan a aljihu ko a ƙaramar leda kusa da hannunka.

Darasi na 3: Zauna

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane. Wanda ya iya shi ya iya sauran.

1. Riƙe lada tsakanin yatsu biyu, kusa da hancinsa.
2. Ɗaga hannu a hankali zuwa saman kansa, ka yi baya da shi kaɗan.
3. Kansa zai ɗaga, gindinsa zai sauka.
4. Da gindinsa ya taɓa ƙasa, ce "Yawwa!", ka sa masa ladan a baki.

Koma lamba 4 ka sake karantawa. Da gindinsa ya taɓa ƙasa. A nan kusan kowa ke faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Kare ba ya haɗa lada da abin da ya yi ɗazu. Yana haɗa shi da abin da yake yi lokacin da ladan ya zo. Ƙidaya a zuciyarka: ɗaya, biyu. Kafin ka ce biyu, "Yawwa" ta fita, lada ya isa baki. Idan ka kai biyar, ya riga ya tashi yana shinshina takalminka, kuma shinshinar takalmi ka biya.

Mu gwada nan cikin aji, ba kare. Ni zan ɗaga hulata in sake ta. Da ta taɓa tabarma, kowa ya ce "Yawwa". Wanda ya faɗa tana sama ya yi gaggawa. Wanda ya faɗa bayan na sunkuya ɗauka ya makara. Za mu yi sau 10. Ba komai idan ka kuskure na farko da na biyu, hannu da baki suna sabawa kamar yadda suka saba da alli.

Wani dattijo a ajin bara ya zo mini ransa a ɓace, ya ce mako guda yana ba kare nama, ba abin da ya koya sai tsalle. Na ce, "Baba, nuna mini yadda kuke yi." Kare ya zauna da kyau. Baba ya sa hannu a aljihun babbar riga yana lalube, ga carbi, ga goro, ga makulli. Kafin nama ya fito kare ya daka tsalle ya dafa masa ƙirji, sai ga nama a baki. Mako guda tsalle yake saya da namansa. Muka fito da ladan a tafin hannu tun kafin a fara, cikin kwana 3 magana ta gyaru.

To ka ji: lada a hannu kafin ka fara. Gindi a ƙasa, "Yawwa", lada. Ɗaya, biyu.

Idan ya tashi kafin ka ba shi, kada ka ba shi, kuma kada ka tsawata. Yi shiru, sake daga lamba 1.

Kalmar "zauna" tana zuwa daga baya. Sai ya iya bin hannunka sau da yawa, sannan ka riƙa cewa "zauna" sau ɗaya kafin hannu ya motsa. Sau ɗaya. Ina jin wasunku ta katanga: "Zauna, zauna, zauna, kai zauna mana!" Haba jama'a. Kare ba ya jin Hausa, ƙarar kalma yake riƙewa, kuma idan ka jera ta sau biyar ta zama hayaniya. Wasu kuma har yanzu da tsumagiya a ɗaya hannun. Nama a dama, tsumagiya a hagu, wanne zai kalla? Na faɗa tun ranar farko a bar ta a zaure. Ban san sau nawa zan maimaita ba.

Akwai masu cewa wannan cin hanci ne. Ɗan ƙwadago ma ana biyansa bayan aiki. Daga cikin abincinsa na kullum za ka ɗiba, ba sabon kashe kuɗi ba ne, kuma idan ya ƙware sai ka riƙa ba shi wani lokaci, wani lokaci "Yawwa" da shafar wuya kawai.

Rubuta a allonka sau 5: gindi a ƙasa, yawwa, lada.

Darasi na 4: Zo

Ɗaura masa doguwar igiya. Ja baya taku uku, kira sunansa, ce "zo". Da ya iso gabanka, "Yawwa", lada. Ɗaya, biyu, kamar na sama. Kada ka taɓa kiransa ka doke shi, ko da kaza ya kora, don gobe ba zai zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, a koya masa cikin gida kafin a sake shi a garka.

Darasi na 5: Tsalle da jan igiya

Ya yi maka tsalle, juya masa baya. Ƙafa huɗu a ƙasa, lada. Ya ja igiya, tsaya cik. Ta yi sako-sako, ci gaba da tafiya.

Darasi na 6: Allura

Daga wata 3 a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka. Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ranar.

Aikin gida: Darasi na 3, safe da yamma, kwana 7. Ranar Talata kowa ya zo da allonsa, za mu sake yin na hula.