Yadda ake gyara gida don tsohon da ke fama da ciwon mantuwa

Tsohuwar da ke ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa sannan ta ce jikoki sun sace, ko dattijon da ya fita masallacin unguwa ya kasa gane hanyar gida, ba rigima suke ji ba. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke da ciwon mantuwa a duniya, kuma cutar Alzheimer ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Abin da ke hannun iyali shi ne gidan, a juya shi ya dace da mara lafiya.

Da farko a ga likita. In ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa wani ciwo ne daban: ƙwayar cuta a mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar sukari, ko wani magani da yake sha. Waɗannan ana warkewa. Asibitin Malam Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri duk suna duba irin wannan. A sa a duba masa ido da kunne, don wanda ba ya ji sosai ruɗewarsa ninkuwa take yi.

Kafin a taɓa komai a gida, a samu littafi a yi mako guda ana rubutu: ƙarfe nawa ya tayar da hankali, me ya faru kafin nan, sau nawa ya tashi da dare, ya ci abinci ko ya ƙi. Yawancin mutane tsallake wannan suke yi, alhali shi ne ma'aunin da za a koma gare shi.

Sai a bi gida ana kawar da haɗari. Rijiya a yi mata murfi da kwaɗo. Ashana da tukunyar gas da risho su koma ɗakin da ake kullewa. Kalanzir ko fiya-fiya da aka zuba a robar lemo, wannan kam a fitar da shi yau, ba gobe ba. Tabarmar da bakinta ya naɗe da ledar ɗaki da ta yage su ne ke kayar da tsoho, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ce. Amma kada a sauya masa ɗaki ko a jirkita gadonsa don neman kyau. Butarsa da dardumarsa da carbinsa su zauna inda ya saba samunsu.

Banɗaki shi ne inda mutunci ke zubewa, don haka a tsaya a kansa. A bar fitilar caji ko ta sola a kunne daga bakin ɗaki har ƙofar banɗakin. A shafa wa ƙofar fenti mai launin da ya bambanta da bango. In masai ta tsugunno ce, kafinta zai iya yin kujera mai rami da wurin dafawa. Da dare a ajiye fo kusa da gado, kuma wando mai roba ya fi mai mazagi sauƙin kwancewa.

Da yawansu ruɗewa na ƙaruwa dab da magariba, har a ce aljanu ne. Gajiya da dushewar haske ne ke haɗuwa. A kunna fitila tun bayan la'asar, a rage hayaniyar yara da talabijin, a sa masa karatun da ya saba ji. In yana faɗa da madubi, yana ganin baƙo ne a ciki, sai a rufe shi da zane.

Kulle shi a ɗaki zalunci ne, kuma fitina yake ƙarawa. Gara a rataya ƙararrawa a ƙofar zaure, a ɗinka lambar wayar ɗansa a cikin rigarsa, a gaya wa liman da mai shago da maƙwabta halin da ake ciki.

In tsohuwa ta tambaya, "Ina Malam?" alhali mijin ya rasu tuntuni, kada a ce "Haba Inna, ai ya rasu." Duk sanda aka faɗa, sabuwar mutuwa ce a wurinta. A ce, "Kewarsa kike yi, Inna? Ba ni labarin aurenku."

Bayan an gama da abubuwan haɗari, sauran gyara a riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, a ba kowanne mako biyu, a gwada da abin da ke cikin littafin. Tashin dare ya ragu? Ya daina ɓata wando? In babu bambanci, a janye gyaran a gwada wani. A rubuta barcin mai jinyar ma, wadda galibi suruka ce ko 'ya guda ɗaya. In ba ta samun barci, sauran 'yan'uwa su raba kwana. Duk bayan wata uku a sake zagaya gidan da littafin a hannu, domin ciwon gaba yake yi, kuma fitilar da ta wadatar bara wataƙila bana sai an haɗa da mai kwana a ɗakin.