Darasi Na Shida: Ciyawar Teku Mai Tara Aidin

To 'yan aji, duk wanda ya taɓa karanta ledar gishiri ya ga an rubuta "mai aidin", shi ne sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo a wuya. Yau bari mu leƙa babban rumbunsa, wato teku.

A gaɓar Ayalan da Sikotland da Norwe da tsibirin Hokkaido na Japan, inda ruwa ke da sanyi ƙarara, akwai wata ciyawa ruwan ƙasa mai santsi da ake ce ma kelf, ganyenta dogo ne mai faɗi kamar an yanko fata. Aidin ɗin da ke cikin ruwan teku ɗan mitsitsi ne fa, wajen maikirogiram 60 a lita guda (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), amma ita ciyawar nan sai ta yi ta zuƙa tana tarawa har abin da ke jikinta ya ninka na ruwan sau dubbai. Idan ruwa ya janye ta kwanta a kan duwatsu rana na dukanta, sai ta saki aidin don kare kanta, wani ya fita zalla, wani kuma haɗe da kabon, irin wanda masana ke kira metil ayodaid, kuma ƙananan tsirran nan da ke yawo a saman ruwa waɗanda ido ba ya gani su ma suna fitar da shi. Iska ta kwashe, ruwan sama ya sauko da shi ƙasa. Shi ya sa wurare da yawa masu nisa da teku ƙasarsu ba ta da shi sosai, Najeriya ma dole ta sa aka wajabta zuba shi a gishiri a 1993.

Wani abin dariya, gano aidin ɗin ma tsautsayi ne. A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, yana sarrafa tokar ciyawar teku don haɗa kayan albarushi, asid ya yi masa yawa, kawai sai ga tururi shunayya ya turnuƙe.

Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 a rana. Japanawa a miya suke samu, suna dafa kelf ɗin da suke kira kombu. Mu kam sai gishiri, don haka a rufe shi ruf, kar a bar shi a rana ko wuri mai laima, don kar aidin ɗin da ke ciki ya tsere.

Aikin gida: ka duba ledar gishirin gidanku, ka kwafo abin da aka rubuta a kai cikin littafinka, ka zo da shi aji.