Yadda za ka sa hannu a aikin GCM-Filters daga Jos

Ruwan da manoman dankali a Bokkos ke jira, daga Tekun Gini iskar damina ke ɗauko shi. Saboda haka ɗalibin kimiyya a Jos bai yi shisshigi ba idan ya shiga binciken teku. Ƙofa mai sauƙi ita ce GCM-Filters, manhaja ta kyauta da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, tana kan GitHub, dandalin ajiye manhajoji da haɗa hannu a kansu, wadda kowa ke iya dubawa ya gyara. Tana tace bayanan da manhajojin kwaikwayon teku irin su MOM6 da POP ke fitarwa, ta ware manyan hanyoyin ruwa daga ƙananan wainiyar ruwa, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki.

Da farko ka buɗe asusu a GitHub, ka girka Python, sannan ka saukar da manhajar da pip ko conda, kayan girka manhajojin Python. Za ta zo tare da xarray da dask, manhajojin da take dogara da su wajen sarrafa manyan bayanai.

Sai bayanai. Ka yi rajista kyauta a Copernicus Marine, shafin Tarayyar Turai na bayanan teku, amma kada ka yi kwaɗayin saukar da duniya duka, datarka za ta ƙare kafin azahar. Yanko Tekun Gini kaɗai, zafin saman ruwa, na wata guda. Ko tsohuwar kwamfuta za ta iya da wannan.

A mataki na uku ne ya kamata ka zauna sosai, wato gane yadda tacewar ke gudana. Ana raba taswirar teku gurbi-gurbi, kowane gurbi da ƙimarsa. Tsohuwar hanya takan ɗauki matsakaicin maƙwabtan kowane gurbi, kuma da ta iso gaɓa sai ta rikice, ta haɗa ruwa da tudu, ko ta tsallake tsibiri. Dabarar da aka wallafa a 2021, wadda manhajar ta ginu a kai, tana barin ƙimar ta bazu sannu a hankali daga gurbi zuwa gurbi, sau da yawa, ba tare da ta ƙetare ƙasa ba. Kai ne za ka ba ta taswirar wet_mask, 1 a ruwa, 0 a tudu. Ka gwada a bakin Neja Delta da kewayen tsibirin Bioko, can ne kuskure ke tona kansa. Lura kuma: gwargwadon girman filter_scale (faɗin tacewar da ka zaɓa) a kan dx_min (tazara mafi ƙanƙanta tsakanin gurabe), gwargwadon yawan zagayen lissafi, kwamfutarka kuma ta yi ta nishi.

Idan ka ga abin da bai zauna ba, kada ka yi saurin rubuta gyara. Fara buɗe issue, wato rahoton matsala a shafin manhajar na GitHub, ka bayyana matsalar da ɗan gajeren misali da wani zai iya maimaitawa. A ganina sabon shiga ya fi amfani a nan, ko a gyaran bayanin amfani da manhajar, fiye da taɓa zuciyar lissafin.

In an amince, ka yi fork, wato ka kwafi ma'ajiyar manhajar zuwa asusunka, ka buɗe sabon reshe (branch) a cikinta, ka gyara abu ɗaya tak. Gudanar da pytest, manhajar da ke gwada ko komai na aiki daidai, ka ƙara naka gwajin: jimillar zafi, idan an auna ta da faɗin kowane gurbi, kada ta canza bayan tacewa. Riƙa yin commit, wato adana gyaranka, akai-akai, don git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare, ba ya buƙatar intanet, wutar NEPA kuwa ba ta sallama kafin ta tafi. Kada ka cusa fayilolin NetCDF, wato na bayanan teku da ka saukar, cikin ma'ajiyar.

Daga nan ka tura pull request, wato buƙatar a shigar da gyaranka cikin ainihin manhajar. Masu dubawa masu bincike ne da nasu aikin, amsa kan ɗau kwanaki. Idan suka nemi canji, ka tura shi a reshen nan dai, ba sai ka buɗe sabo ba.